Kafin a Tayar da Injin Kwalekwale a Ruwan Legas

Tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, ciki har da Apapa da Eti-Osa, wasu daga cikin matasanmu suka koma neman abinci a bakin ruwa. Wani yaron jirgi ne, wani kuma har maigidansa ya fara sakar masa inji. A zagayen wayar da kai da muke yi a tashoshin ruwa, idan na tambayi matashi takardarsa ta tuƙi, amsar da na fi ji ita ce: “Malam, ai a bakin kogi aka haife ni.” Ban musa ba, domin wanda ya tashi a Yawuri ya san ruwa. Sai dai ruwan Legas haɗe yake da teku, kullum yana cika yana janyewa, ga manyan jiragen dakon kaya a kan hanya, kuma hukuma ba ta karɓar sabo a madadin lasisi.

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997 kuma hedikwatarta ke Lokoja, ita ce ke yi wa jirage rajista da ba su izinin aiki, kuma a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar mata da wannan hurumi. Jihar Legas ma tana da tata hukumar, LASWA, tun 2008, wadda jami'anta ke sa ido a tashoshi irin su Ikorodu da Falomo. Takarda iri biyu ake nema: ta jirgi, wadda ke nuna an yi masa rajista an kuma duba lafiyarsa da yawan mutanen da zai iya ɗauka, da ta matuƙi, wadda ke nuna ya samu horo. Takardar maigida ba ta wadatar da yaronsa ba, kuma mai jirgin da ya miƙa inji ga wanda ba shi da lasisi ya sa kansa cikin laifin.

Rigar ceto ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ƙa'ida ita ce ba a barin kowa ya shiga jirgi sai ya sa ta, har da matuƙin. Amma da idona na ga fasinja ya rataya ta a wuya ba tare da ya ɗaure maɗaurin ba, da jirgi ya bar gaɓa kuma sai ya cire ta ya tare fantsamar ruwa da ita don kada shaddarsa ta jiƙe. Rigar da ba a ɗaure ba, da mutum ya faɗa ruwa sai ta zame ta kansa. Wadda soson cikinta ya mutu ko maɗaurinta ya tsinke ba ta da amfani, kuma ta babba ba ta riƙe ƙaramin yaro, don haka uwar da za ta tsallaka da 'ya'yanta ta nemi daidai jikinsu.

Tafiyar dare ma an hana ta, domin lokacin aiki a ƙa'idar NIWA daga 6 na safe ne zuwa 6 na yamma. Ranar 8 ga Yulin 2022, jajiberin Babbar Sallah, wani kwalekwale ya tashi daga Mile 2 zuwa Ibeshe bayan duhu ya shiga, ruwa ya ja shi ƙarƙashin wani jirgin dakon kaya ya kife, mutum fiye da goma suka rasu. Na san ɗan kasuwar da ya tashi daga shago a makare yakan matsa wa matuƙi lamba har da ƙarin kuɗi, amma a cikin duhu ba a ganin kututture ko tarin kainuwar da ke naɗe farfelar inji.

Lodi fiye da kima da tuƙi cikin maye laifi ne. Wajibi ne a rubuta sunayen fasinjoji kafin tashi, a kuma ajiye tukunyar kashe gobara, tunda jarkar fetur na cikin jirgin.

Babur ɗin ruwa da ake haya a wuraren shaƙatawa irin su Tarkwa Bay, duk da ana yi masa kallon abin wasa, abin hawa ne mai inji, don haka ƙa'idar rajista da rigar ceto ta hau kansa. Yana da wata 'yar igiya da mahayi ke ɗaurawa a hannu, wadda ke kashe injin nan take idan ya faɗo, kuma duk wanda aka ba shi babur ɗin babu ita kada ya karɓa. A rage gudu kusa da masu iyo da ƙananan kwalekwalen masunta, domin igiyar ruwan da ya tayar kaɗai tana iya kifar da su. Idan haɗari ya auku, lambobin gaggawa na Legas su ne 112 da 767.