Tallafin ƙananan hukumomi ga yara masu buƙata ta musamman a karkarar Kano da Jigawa

Yara masu buƙata ta musamman su ne waɗanda wata lalura ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa ke hana su koyo yadda sauran yara ke koyo, sai an yi musu wani tanadi na daban. Sun haɗa da makafi da masu raunin gani, da kurame, da guragu, da masu farfaɗiya, da masu galahanga ko jinkirin fahimta. A Jihar Kano mai ƙananan hukumomi 44 da Jihar Jigawa mai 27, ƙaramar hukuma ce matakin gwamnati mafi kusa da gidan irin wannan yaro, amma kuma ita ce wadda ba a cika jin motsinta ba a sha'anin karatunsa.

Tanadin doka

Kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya ƙananan hukumomi cikin masu ɗaukar nauyin ilimin firamare. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro, ta kafa hukumar kula da ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wato UBEC, jihohi suka kafa irin tasu, wato SUBEB, kowace ƙaramar hukuma kuma tana da hukumar ilimi ƙarƙashin sakataren ilimi. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen gwamnati yadda kowa zai iya shiga. Wa'adin ya cika, alhali a makarantun ƙauye da yawa har yanzu dakali ne mai tsayi a bakin aji, ba gangaren da keken guragu zai hau.

Musabbabai

Da yawa daga cikin lalurorin nan abubuwa ne da ake iya karewa. Sanƙarau, irin annobar da ta auka wa Kano a 1996, yakan bar yaro da kurumta. Ƙyanda da amosanin ido suna taɓa gani. Doguwar naƙuda a gida da shawarar jarirai da ba a kula da ita da wuri ba suna iya lahanta ƙwaƙwalwa. Shan inna ya gurgunta yara masu yawa kafin a samu na ƙarshe mai ɗauke da asalin ƙwayar cutar a Kano, a Ƙaramar Hukumar Sumaila, a 2014.

Nisan makarantu

Makarantun musamman suna birane ne, kamar ta Tudun Maliki a Kano, da ta kurame a Haɗeja, da ta makafi a Dutse. Manomin da ke wani ƙauye na Doguwa ko Birniwa sai ya yarda ya rabu da yaro ɗan shekara bakwai, ya biya kuɗin mota, ya kai shi makarantar kwana inda bai san kowa ba, kuma iyaye sun fi ɗari-ɗari idan yarinya ce. Saboda haka yawanci yaron yakan zauna a gida, ko a tura shi bara ranar kasuwa. Wanda aka kai firamaren ƙauye kuwa sau da yawa ana zaunar da shi a ƙarshen aji, malami na bayani fuskarsa na kallon allo, kurman da ke dogaro da motsin leɓe bai ga komai ba, daga baya a ce ba ya ganewa. Akwai kuma matsalar yare: kuraman Hausa suna da maganar hannu tasu da suka gada, yayin da makarantu ke koyar da wata wadda ta samo asali daga ta Amurka, don haka yaro kan dawo hutu da alamun da mahaifiyarsa ba ta sani ba.

Abin da ƙaramar hukuma za ta iya

Aiki na farko, wanda kuma ya fi kowanne muhimmanci, shi ne sanin yaran da inda suke, domin wanda ba a rubuta sunansa ba babu kason da zai kai gare shi. Hanyar yin haka ba baƙuwa ba ce a yankin, tunda yaƙi da shan inna ya riga ya nuna yadda ake bin gida-gida tare da masu unguwanni da dagatai da mata masu allurar rigakafi. Idan aka haɗa su da ungozomomi da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi, za a iya gano jaririn da ba ya juyowa idan an tafa hannu a bayansa tun kafin ya isa shiga makaranta. Sarakunan makafi da na guragu, waɗanda tsarin sarautar Hausa ya daɗe da sanin matsayinsu, sun san gidajen da jami'i ba zai taɓa sani ba, kuma kuskure ne a riƙa tuna su sai ranar rabon kayan tallafi.

Na biyu shi ne malami. Jami'ar Bayero tana da sashen ilimi na musamman, haka ma Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Oyo an kafa ta don wannan fanni, sai dai ɗaliban da suka kammala ba su cika isa ƙauye ba. Sakataren ilimi zai iya neman a ba shi ko da ƙwararre ɗaya mai babur da zai riƙa zagaya makarantun mazaɓa, yana koya wa malaman aji rubutun makafi da maganar hannu. Sauran gyare-gyaren, irin su gangare da banɗaki mai faɗin ƙofa da tabarau, kwamitin kula da makaranta ma zai iya sa ido a kansu.

Kuɗi

Jigawa ta fara biyan wasu masu buƙata ta musamman alawus na naira 7,000 a wata a 2007, zamanin Gwamna Sule Lamido, amma wannan tallafin rayuwa ne, bai maye gurbin kasafin karatu ba. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Gwargwadon yadda aka aiwatar da hukuncin, shugaban ƙaramar hukuma da kansilolinsa za su iya ware wa karatun waɗannan yara layi na kansa a kasafin shekara, wanda iyaye za su iya tambayar inda aka kashe shi.