Zanen fenti a kan kayan ɗaki a arewacin Kamaru

Zanen fenti a kan kayan ɗaki sana'a ce ta ƙawata gado, kabad, akwati da kujeru da launuka bayan kafinta ya gama haɗa su. A garuruwa irin su Garwa, Marwa da Ngaundere, kasuwarta ta fi ci a lokacin bukukuwan aure, domin a al'adar Hausawa iyayen amarya ke yin kayan ɗaki, kuma ranar jere ake ganin ƙoƙarin kowane gida.

Irin katakon shi ke nuna aikin da za a yi masa. Mafi yawansa daga dazuzzukan kudancin ƙasar yake zuwa, wani ta layin dogon da ya iso Ngaundere a 1974, daga nan manyan motoci su haura da shi arewa. Iroko da sapelli suna da jijiya mai kyau, rufe su da fenti asara ce. Banish kawai ake shafa musu. Ayus kuwa fari ne, mai taushi da araha, shi ya sa a kansa masu fenti suka fi baje gwanintarsu.

Shiri ya fi zanen kansa cin lokaci. Ana toshe ramukan ƙusa, a goge katakon da samfefa mai kaushi sannan mai laushi, a shimfiɗa fentin farko, a bar shi ya bushe sarai, a sake gogewa. Mai gaggawa kan tsallake wannan, amma yanayi ba ya rufa masa asiri. Katakon da bai gama bushewa ba yana tsukewa idan hunturu ya shigo, sai fenti ya tsattsage a mahaɗa. Ƙura ma tana mannewa a ɗanyen fenti, don haka ake yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara shafi.

Hanyoyin zanen suna da dama. Akwai huda kwali da siffar fure ko tauraro, a ɗora a kan allon gado, a daddanna soso mai fenti. Akwai jan matsefi a kan ɗanyen fenti mai duhu da aka shafa bisa mai haske, har ayus ya yi kama da katako mai tsada. Ana kuma bin gefen sassaƙa da fenti mai ruwan zinare. Siffofin dagi, murabba'i da layuka masu sarƙa sun fi hoton mutum ko dabba karɓuwa a gidajen Musulmi, kuma dangin zanen da ake gani ne a jikin ƙwarya, aikin fata na Marwa da zayyanar allo.

Fomeka da feshin inji sun rage wa masu buroshi ciniki, ko da yake fomeka kan ɓamɓare idan zafi ya kashe gam. Wani abin lura shi ne dalma da ke cikin wasu fentin mai, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yara. A 2017 Kamaru ta haramta fentin da dalmarsa ta wuce kashi 90 cikin miliyan, sai dai tsofaffin gadaje da akwatuna na iya ɗauke da ita, kuma goge su a bushe yana watsa ta cikin iska.