Doguwar mace ba sai ta sayi XL ba

An daɗe ana cewa wai in mace doguwa ce to ta nemi XL ko XXL kawai, abaya ko doguwar riga zata yi mata. Ba laifin masu faɗa bane, ko a kasuwar Sabon Gari haka mai kaya zai ce miki.

Gaskiyar magana lambar nan faɗi take nunawa, ƙirji da ƙugu da kwankwaso, tsawon da ake ƙarawa ɗan kaɗan ne, shi yasa zaki ga riga ta yi miki buhu amma hannu bai kai wuyan hannu ba, ƙasan kuma ya ɗage sama da idon sawu, daga nan sai a jefa ta ƙasan akwati a sake sayo wata, kuɗi sun tafi, in roba ce kuma ko an zubar ba ta ruɓewa da wuri.

Ki gwada da kanki, ki shimfiɗa L da XL iri ɗaya ki ɗora ɗaya kan ɗaya. Sannan ki auna daga kafaɗa zuwa idon sawu da tsawon hannu da tef, ki riƙa shiga kasuwa da shi, ko gwanjo ne ki auna.

Ni dai a ganina ɗinki yafi. Turmin atamfa yadi 6 ne, a wanke kafin a yanka don auduga tana ɗan shanyewa, ki ce wa tela ya bar kalmasa mai faɗi saboda a iya saukewa, kuma a biya shi haƙƙinsa.

Dan Allah ku tura wa 'yan uwa su gani.