Jonathan Sumption

Jonathan Sumption, wanda aka fi sani da Lord Sumption, lauya ne ɗan Birtaniya, masanin tarihi, kuma tsohon alƙalin Kotun Ƙolin ƙasar. An haife shi ranar 9 ga Disamba, 1948. Ya yi fice a zamanin da yawancin manyan lauyoyin Landan ke tsayawa kan fanni ɗaya, domin shi aikinsa ya haɗa shari'un kasuwanci, da dokokin gasa tsakanin kamfanoni, da na Tarayyar Turai, da kuma ƙararrakin da ake ƙalubalantar gwamnati kan yadda take amfani da ikonta.

Ba da shari'a ya fara ba. Bayan makarantar Eton, ya karanta tarihi a kwalejin Magdalen ta Jami'ar Oxford, ya kammala a 1970, sannan ya koyar da tarihi a can na wasu shekaru. A 1975 ne ƙungiyar lauyoyi ta Inner Temple ta rantsar da shi a matsayin barista. A tsarin Ingila aikin lauya ya kasu gida biyu: akwai masu hulɗa da mai ƙara da shirya takardu, akwai kuma baristoci, waɗanda su ne suka ƙware wajen tsayawa gaban alƙali. Barista yana cin gashin kansa ne, sai dai yakan haɗa ofis da takwarorinsa, kuma Sumption ya daɗe a Brick Court Chambers, har ya zama ɗaya daga cikin shugabanninsa. A 1986 ya sami lambar QC, wadda ita ce kwatankwacin SAN a Najeriya.

A fagen shari'un gwamnati, shi ne ya wakilci gwamnatin Tony Blair a 2003 gaban kwamitin bincike na Lord Hutton, wanda ya duba mutuwar masanin makamai David Kelly bayan taƙaddamar da ta ɓarke tsakanin gwamnati da BBC kan hujjojin shiga yaƙin Iraƙi. A 2005 ya kare gwamnati a ƙarar da masu hannun jarin kamfanin jiragen ƙasa na Railtrack suka shigar, kuma gwamnati ta yi nasara. Shari'ar da ta fi jawo masa suka ita ce ta Binyam Mohamed, haifaffen Habasha da aka tsare a Guantanamo. A 2010 wata wasiƙa ta fito fili wadda Sumption, a madadin gwamnati, ya rubuta wa Lord Neuberger, ɗaya daga cikin alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara da suka saurari shari'ar, yana neman a sake duba wani sakin layi na daftarin hukunci da ya soki hukumar leƙen asirin Birtaniya ta MI5.

Babbar shari'arsa ta kasuwanci ita ce ta ƙarshe. Attajirin Rasha Boris Berezovsky ya maka takwaransa Roman Abramovich a kotu a Landan yana neman sama da dala biliyan 5, bisa zargin cewa an tsoratar da shi har ya sayar da kasonsa na kamfanin mai na Sibneft da araha. Sumption ne ya tsaya wa Abramovich, kuma tambayoyin ƙwaƙƙwafi da ya yi wa Berezovsky sun taimaka wajen rushe shaidarsa. A watan Agustan 2012 mai shari'a Elizabeth Gloster ta yi watsi da ƙarar.

Kafin a yanke wannan hukunci, an riga an rantsar da shi alƙalin Kotun Ƙoli a watan Janairun 2012, ba tare da ya taɓa zama cikakken alƙali a ƙananan kotuna ba, abin da ba a gani ba a kotun ƙarshe ta Birtaniya tun 1949. Daga cikin hukunce-hukuncensa, wanda ya fi tasiri shi ne na Prest da Petrodel a 2013, inda ya fayyace lokacin da kotu za ta iya tsallake kamfani ta ɗora alhaki a kan mai shi. Ya ce hakan na halatta ne kawai idan mutum ya fake da kamfanin da ke ƙarƙashin ikonsa da gangan don ya kauce wa wani nauyi da doka ta riga ta ɗora masa, wanda ya taƙaita wannan ƙofa ƙwarai. Ya yi ritaya a Disamban 2018 da ya cika shekara 70.

Duk tsawon wannan lokaci bai saki tarihi ba. Ya rubuta tarihin Yaƙin Shekara Ɗari tsakanin Ingila da Faransa a juzu'i biyar, na farko ya fito a 1990, na ƙarshe a 2023.

Abin lura shi ne mutumin da ya yi suna a zauren kotu ya zama cikin masu gargaɗi kan faɗaɗar ikon alƙalai. A laccocin Reith na 2019, wato jerin laccocin da BBC ke watsawa a rediyo duk shekara, ya kafa hujja cewa al'amuran da jama'a suka saɓa a kansu ta fuskar ɗabi'a da siyasa, majalisa ce ta dace ta warware su, domin ita ce talakawa ke iya tuhuma a akwatin zaɓe. A lokacin annobar korona ya soki dokar kulle da kakkausan harshe, matsayin da ya jawo masa magoya baya da masu adawa. Ya kuma zauna a matsayin alƙali daga waje a kotun ƙarshe ta Hong Kong daga 2019, har ya ajiye muƙamin a watan Yunin 2024, yana mai cewa matsin siyasa ya raunana bin doka a yankin.