Idan rami ya rufta a Ngaski, wa zai biya? Fashin baƙin dokar diyyar ma'aikata ta 2010

Dutsen litiyam da ake fasawa a yankin Libata, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, ba a Kebbi yake kwana ba. Ana ɗura shi a buhu, a loda a mota, ya bi hannun dillalai har tashar jirgin ruwa, akasari ya nufi ƙasar Sin inda ake tace fiye da rabin litiyam na duniya. Daga can sai batir. Batirin mota mai amfani da lantarki ya ninka na wayar hannu sau dubbai, shi ya sa dutsen da iyayenmu suka saba takawa su wuce, yau kamfanoni ke rigima a kansa. To idan ƙasa ta rufta wa yaron da ke cikin ramin, ko dutse ya farfasa masa ƙafa, wa doka ta ce ya biya?

Kada kowa ya sa rai da kamfanin motar. A Disamban 2019 wasu iyalai daga Kwango suka shigar da ƙara a Amurka a kan Apple, Alphabet mai Google, Dell, Microsoft da Tesla, saboda 'ya'yansu da suka mutu ko suka naƙasa a ramukan kobalt, wani ma'adinin da shi ma ake sawa a batir. Aka kori ƙarar a 2021. A Maris na 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da korar, bisa hujjar cewa sayen kaya a kasuwar duniya bai mai da kai abokin tarayyar wanda ya sa yaro aiki ba. Tsakanin ramin da motar akwai hannuwa da yawa, kuma kowane hannu garkuwa ne ga na sama da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da kamfanonin suka yi shi ne sauya ƙirar batirin. Kusan kashi 70 cikin 100 na kobalt na duniya daga Kwango yake fitowa, yana da tsada, ga abin kunyar da ya biyo shi tun bayan rahoton ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty na 2016 a kan yaran da ake sa aiki a ramukan. Sai aka karkata ga batirin da ake kira LFP, wanda ake haɗawa da ƙarfe da fosfet, babu kobalt babu nikel. BYD, kamfanin motoci na ƙasar Sin, ta fito da irin nata a 2020, Tesla ta sanar a 2021 cewa motocinta masu matsakaicin zango za su koma kansa. Ya fi arha, bai cika kama wuta ba. Amma harafin farko na sunan nan litiyam ne. An guje wa ramin Kwango, ba a guje wa namu ba. Injiniyan da ke zaɓen abin da zai shiga batir a birnin Shenzhen na ƙasar Sin, shi ne a fakaice yake zaɓen ƙauyen da za a haƙa, kuma babu lebura ko ɗaya a teburin.

Don haka abin da ɗan Ngaski ko ɗan Yauri zai iya riƙewa da hannunsa shi ne dokar gida. Wadda na fi so mutanenmu su sani ita ce dokar biyan diyya ga ma'aikata, wadda shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Disamban 2010, ta maye gurbin tsohuwar ta 1987. Hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, ce ke riƙe da asusunta.

Tsarin mai sauƙi ne. Duk wanda ya ɗauki mutane aiki zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya kowane wata a wannan asusu. Mai leburori 50 da yake ba kowannensu naira 70,000, albashinsa naira miliyan 3 da rabi ne, abin da zai zuba naira 35,000. Daga aljihunsa zai fitar, doka ta hana shi yankar kuɗin daga ladan ma'aikaci. Ranar da tsautsayi ya faɗa, asusun ne zai biya, kuma ba sai ma'aikacin ya tabbatar da cewa sakacin ubangidansa ne ya jawo ba. Ya isa a nuna cewa raunin a bakin aiki ya same shi, ko saboda aikin. Har hatsarin da ya faru a kan hanya tsakanin gida da wurin aiki yana ciki. Wanda babur ya kayar da asuba yana tafiya rami, shi ma yana da magana.

Mutane da yawa suna ɗauka wannan doka ta 'yan ofis ce, masu takardar ɗauka aiki da katin shaida. Ba haka ba ne. Dokar ta fassara ma'aikaci da cewa duk wanda aka ɗauka da yarjejeniya, rubutacciya ce ko ta baki, na dindindin ne ko na wucin-gadi, ɗan koyo ne ko lebura mai aikin yini. Ta ambaci masu aiki a sana'o'in da ba su da rajista, har ɗan aikin gida wanda ba dangin maigidan ba. Sojoji ne aka ware. Saboda haka idan mai rami ya ce da kai, «Gobe ka zo da asuba, zan riƙa ba ka kaza a yini», kai kuma ka ce to, kun ƙulla yarjejeniya a idon doka ko da ba a taɓa biro ba.

Abin da ake biya ba kaɗan ba ne. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya, ba zai sake iya aiki ba, ana ba shi kashi 90 cikin 100 na abin da yake samu, wata-wata. Idan mutuwa ce, matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye tana karɓar kashi 90, mai ɗa guda kashi 85. Magidancin da ke samun naira 60,000 a wata, iyalinsa za su riƙa karɓar naira 54,000. Haƙƙin yaran yana tafiya har su kai shekara 21 ko su gama karatun digiri, duk wanda ya riga zuwa. Akwai kuɗin asibiti, akwai ƙafar roba ga wanda aka yanke, akwai koya wa mutum wata sana'a idan ba zai iya komawa ta da ba.

A wajen lokaci ne ake yawan yin asara. Wanda ya ji rauni, ko iyalin mamaci, suna da kwana 14 su sanar da mai aikin: sunan mutumin, inda abin ya faru, yaushe, da irin raunin. Shi kuma mai aikin yana da kwana 7 ya kai rahoto ga hukumar. Takardar neman diyya ana shigar da ita cikin shekara guda, sai in akwai uzuri mai ƙarfi ne hukuma za ta iya karɓa har zuwa shekara 3. Mu kuwa mun san yadda kwana 14 na farko suke wucewa a gidan rasuwa. Ana zaman makoki, ana addu'ar uku da ta bakwai, babu mai zuciyar maganar takarda, kuma duk wanda ya tayar da ita a ce ba shi da tawakkali. Shawarata, a cikin dangi a samu mutum ɗaya, ƙanen mamacin ko kawunsa, ya rubuta sanarwar a ƙaramar takarda, ya kai, ya ɗauki hotonta da waya, ya tura ta WhatsApp ga mai ramin don kwanan watan ya zauna.

Sashe na 13 na dokar shi ne wanda nake so limamai da masu unguwanni su riƙe. Kowa ya san yadda ake yi. Bayan jana'iza wakilin mai rami zai zo da buhun shinkafa da kuɗi a ambulan, ya durƙusa gaban tsohon ya ce, «Baba, sai haƙuri, kwana ne ya ƙare.» Tsohon ya ce, «Allah ya riga ya hukunta, mun yafe.» Wani lokaci har a kawo takarda ya dangwala. Ƙaddara gaskiya ce, babu musulmin da ke jayayya da ita, amma ba ta taɓa soke haƙƙin maraya ba, addininmu ma ya san diyya. Doka ta ce duk wata yarjejeniya da ma'aikaci ya yi da mai aikinsa don a sarayar da wannan haƙƙi nasa ko na iyalinsa, ba ta da ƙarfi. Dangwalen nan bai rufe ƙofa ba. A karɓi shinkafar a matsayin gaisuwa, a ci gaba da neman abin yaran.

Ba ruftawar rami kaɗai ke kisa ba. Dokar ta haɗa da cututtukan da aiki ke jawowa, kuma a jerin da ta kawo akwai ciwon huhu na ƙurar dutse da gubar dalma. Dutsen da litiyam ke ciki cike yake da yashin da in ya zama ƙura ya shiga huhu ba ya fita. Mai fasa shi da guduma, hanci a buɗe ko ɗaure da tsumma, zai iya yin shekaru lafiya lau kafin tari da haki su fara, a yi ta ba shi maganin tarin fuka. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga irin wannan a 2010, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinare ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. A tsakar gida ake daka dutsen, inda yara ke rarrafe. Duk mai tari da ya yi aikin dutse ya gaya wa likita sana'arsa, ya roƙa a rubuta ta a katinsa.

Inda dokar take da rauni ba ɓoyayye ba ne, kuma masu kuɗi sun san shi sarai. Komai ya rataya ne a kan a ce akwai mai aiki da ma'aikaci. Sai a tsara harkar yadda babu wanda ya ɗauki kowa: ku haƙa da kanku, ku kawo buhu, mu auna mu saya. Ranar da rami ya ci mutum, dillali ya ce shi ciniki kawai ya yi. Wannan tsari na biya a kan buhu yana ma fitar da mutum daga dokar mafi ƙarancin albashi, domin naira 70,000 da aka amince da ita a 2024 ba ta hau kan masu biya gwargwadon abin da aka kawo ba, ba ta kuma hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Dokar diyya ba ta sa wannan iyaka ta yawan mutane ba, ko mutum uku ka ɗauka ta hau kanka.

Amma sunan da aka sa wa hulɗa ba shi ne ƙarshen magana ba. Alƙali yakan duba yadda abin yake a ƙasa. Injin jan ruwa na waye? Wa ya sayi diga da shebur da igiya? Wa ke cewa a shiga, wa ke cewa a tashi? An yarda ka sayar wa wani, ko dole sai shi? Idan amsar duk mutum ɗaya ce, to da wuya ya ce shi mai saye ne kurum. Haka nan kamfanin da ya ba ɗan kwangila aiki a filinsa, doka ta ɗaure su tare a kan kuɗin asusun, ba zai ce ruwan ɗan kwangila ne ba. Shi ya sa littafin da ake rubuta buhuna da sunaye, da saƙon shigar kuɗi a waya, da abokan aiki biyu da za su tsaya shaida, suke da daraja. Idan mai aikin bai taɓa yin rajista da NSITF ba, biyan yakan yi wuya, amma laifin nasa ne. A kai maganar ofishin hukumar da na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya. Wanda bai gamsu da hukuncin hukumar ba yana da kwana 180 ya nemi a sake dubawa, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta ƙasa, wadda ke da reshe a Sakkwato.

Akwai wasu dokoki biyu da ke tallafa wa wannan. Dokar ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata 3, ta hana sa yaron da bai kai shekara 16 ba aiki a ƙarƙashin ƙasa, ta kuma hana a kori mutum don ya shiga ƙungiya. Dokar ma'adinai ta 2007 kuwa, a sashe na 116, ta ce mai lasisin haƙa sai ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara, a riƙa sabunta ta duk shekara 5. An saba cika wannan takarda da rijiyar burtsatse da aji biyu. Ranka ya daɗe hakimi, babu abin da ya hana a sa a ciki cewa duk wanda zai shiga rami sai an rubuta sunansa, kuma kamfani ya nuna shaidar biyan NSITF kowace shekara.

Daga waje ma akwai abin da ke tafe. Tarayyar Turai ta yi dokar batir a 2023, wadda za ta tilasta wa manyan kamfanoni bin diddigin inda litiyam, kobalt, nikel da girafait ɗinsu suka fito, da halin da masu haƙa suke ciki. A Agustan 2025 ya kamata wannan sashe ya fara aiki, aka ɗage shi zuwa Agustan 2027. Ko ya fara, mai bincike takarda zai nema, kuma ramin da babu rajistar leburorinsa babu abin da zai gani a kansa.

Lasisin ma'adinai na gwamnatin tarayya ne, amma jiha ba ta rasa ta cewa ba, mun gani a 2023 da aka dakatar da haƙa a faɗin Kebbi. Gwamna Nasir Idris tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa ne, ya kuma riƙe mataimakin shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, ya sa wa ma'aikatan jiha naira 75,000 a 2024. Ya san dokar nan fiye da yawancinmu. Abin da nake roƙo shi ne jiha ta haɗa kai da NSITF da sarakuna a yi rajistar masu shiga rami a Ngaski da kewaye, wuri-wuri, da sunan wanda kowannensu yake yi wa aiki, a kuma fassara takardar neman diyya da Hausa a ajiye ta a sakatariyar ƙaramar hukuma.