Ga direban da ke kwana cikin kan motarsa

Assalamu alaikum iyayena da yayyena direbobin manyan motoci, ku da kuke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema ku ratsa Kumasi, Techiman, Kintampo da Tamale har Paga a bakin iyakar Ghana da Burkina Faso, da ku da kuke kawo mana albasa daga Nijar kuna saukewa a kasuwar Kwadaso da ke Kumasi. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a nan Kumasi. Aikina shiga unguwanni da tashoshi, gwajin hawan jini da faɗakarwa a kan zazzaɓin cizon sauro. Duk hirar da na fara da direba sai ta gangaro kan wurin kwana, kuma kusan kullum amsar ɗaya ce: cikin kan mota.

Ra'ayinku a kan wannan kwana ya rabu. Da yawa sun ce ko an ba su ɗaki kyauta ba za su bar motar ba. Kaya amana ne, kuma cikin dare ake zuƙe mai a tanki, a kwance batir, a yanka tamfol. Idan aka yi ɓarna direba ake tuhuma, wani lokaci a albashinsa ake cirewa. Wanda ke layin lodi a Tema ko yake jiran takardun kwastan a bakin iyaka ya san idan ya yi nisa za a tsallake shi. Wasu kuma sun ce gadon bayan kujera nasu ne, sun san shimfiɗarsu, babu kuɗin cizo, babu biyan ko sisi. Akwai waɗanda suka ce dole ce kawai: kuɗin hanyar da ake ba su bai kai abinci da ɗaki ba, motar tsohuwa ce ba ta da gado, a kan kujera suke lanƙwashewa har asuba, su tashi baya ya riƙe, babu ruwan wanka, na alwala ma sai an saya.

Dukkansu gaskiya suka faɗa. Shi ya sa ba zan ce muku ku daina kwana a mota ba, wanda ya ce haka bai san aikin ba. Daga Tema zuwa Paga ya haura kilomita 800, ko babu tsaiko sai dare ya riske ku a hanya. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake kwanan, domin akwai abubuwan da ake yi cikin kan mota da ke kashe mutum yana barci.

Na farkonsu gawayi. Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya sauka, daren arewa yana da sanyi sosai. Direba ya dafa shayi a kurfoti, garwashin ya yi ja, hayaƙi ya ɗauke, sai ya ga asara ce a bar ɗumin nan a waje. Ya shigo da shi, ya ɗaga gilasai. Garwashin da ba ya hayaƙi yana nan yana fitar da iskar da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Idan ta shiga huhu tana manne wa jini fiye da yadda iskar numfashi ke mannewa sau 200 da wani abu, sai jinin ya riƙa zagaye jiki ba tare da ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata ba. Mai ido biyu zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Mai barci ba ya jin komai, daga barcin yake zarcewa. Kan mota ɗan ƙaramin wuri ne, ba ya ɗaukar lokaci ya cika.

Irin wannan iska tana fita ta salansa ma. Injin dizal bai kai na fetur fitar da ita ba, amma wanda ya bar inji yana aiki duk dare don ya sha sanyin na'ura, alhali salansarsa na yoyo a ƙarƙashin kai, ya sa kansa a haɗari. Haka idan motoci sun jeru gab da gab, hayaƙin maƙwabci yana shigo maka ta taga. Idan kun kai mota gyara Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, don Allah ku ce a duba salansa tun daga inji har ƙarshe. Kurfoti da risho da tukunyar gas wurinsu waje ne. A bar gilas a ɗan sauke ta ɓangarori biyu ko da faɗin yatsu biyu ne. In kuwa kuka tarar da ɗan uwa ya kasa tashi, ko ya tashi yana magagi da amai, ku buɗe ƙofofi, ku fito da shi fili, ku kira 112 ko ku garzaya da shi asibiti a sa masa iskar numfashi. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa madara ko manja, huhunsa za su wuce.

Na san abin da za ku ce: idan an sauke gilas sauro ya samu ƙofa. Haka ne, kuma shi ya sa wasu ke kunna maganin sauro mai hayaƙi su rufe ko'ina, su kwana suna shaƙa, da safe ƙirji ya cushe ido ya yi ja. Sauron da ke ɗauke da zazzaɓi da dare yake cizo, kuma ciwon ba ya bayyana sai bayan mako guda ko biyu. Cizon da aka yi maka a layin Tema yana iya kayar da kai a Wagadugu, inda ba ka da kowa. Na ga direban da ya ɗaura gidan sauro mai magani a kan gadonsa da igiyoyi huɗu, biyu a maƙalar labule, biyu a hannun da ake kamawa a hau, ya cusa gefensa ƙarƙashin katifa. Ya kuma yanko raga daidai faɗin taga yana maƙalawa idan ya tsaya. Abin bai ci masa kuɗi mai yawa ba, kuma yana barci iska na ratsawa. In zazzaɓi ya zo, a yi gwajin jini tukuna, na tsinken yatsa minti 15 zuwa 20 ne. In an tabbatar, a shanye maganin har ƙarshe ko da jiki ya yi sauƙi a rana ta biyu.

Sai yawan barcin kansa. Babban mutum yana bukatar awa 7 ko fiye. Yawancin waɗanda na tambaya suna samun abin da bai kai haka ba, kuma a gutsuttsure, kunne ɗaya na sauraron motsi a bayan tirela. Dokar hanya ta Ghana ta 2012, wato L.I. 2180, ta hana direban haya tuƙi fiye da awa 4 a jere ba tare da hutun minti 30 ba, ta hana wuce awa 8 ko kilomita 500 cikin awa 24. Ba don a takura muku aka rubuta haka ba. Bincike ya nuna wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, hankalinsa da saurin taka birkinsa suna raguwa kamar na wanda ya sha giya. Da yawanku ba ku taɓa kai giya baki ba, alhamdu lillahi, amma kuna hawa titi a wannan hali ba ku sani ba. Barci ɓarawo ne. Mota mai gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 90 cikin daƙiƙa 4, kusan tsawon filin ƙwallo ke nan, kuma gyangyaɗin daƙiƙa 4 ba ya sallama. Ya fi zuwa tsakanin ƙarfe 2 na dare da asuba, sai kuma bayan azahar idan an ci tuwo an ƙoshi. Yawan hamma, ido na lumshewa, ka wuce gari ba ka tuna ka wuce shi ba: ka nemi wuri ka tsaya, ko minti 20 ne ka runtsa.

Goro da ataya da kofi da lemon ƙara kuzari suna ɗage barci ne kawai, ba sa biyan bashinsa. Wanda ya sha su da daddare kuma, idan ya zo kwanciya ido ya ƙi rufuwa. Tramadol ya fi su muni. Mai ƙarfin miligiram 50 da 100 hukumar magunguna ta amince da shi, shi ma sai likita ya rubuta. Wanda ake sayarwa a ɓoye ya kai 225 har 250, yana sa jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma jiki yana sabawa da shi har a kasa bari. Wanda ya riga ya shiga kada ya ji kunya, ya zo asibiti, ana taimakawa a rage shi a hankali.

Wani abu da yaran mota suka fi ku sani: minshari. Idan maigida yana minshari mai ƙarfi, numfashinsa ya ɗauke na ɗan lokaci sannan ya fizgo, ya tashi da ciwon kai ko da ya daɗe a kwance, wannan ciwo ne da ake dubawa, kuma yana tafiya da hawan jini. Ɗana, ka gaya wa maigidanka cikin ladabi. Ku kuma iyayena, ku gwada jini duk lokacin da kuka shigo gari. Idan yana kai 140 bisa 90 ko fiye a gwaji daban-daban, a ga likita. Katin inshorar lafiya da ya mutu ana sabunta shi ta waya da *929#, ba sai an bi layi ba.

Alhazai masu motoci, rabin maganar nan taku ce. Direban da ya kwana yana gadin kayanku aiki biyu ya yi, tuƙi da gadi. Idan aka kira shi a waya ana cewa lallai kaya su isa gobe da safe, an tura shi ya karya doka, kuma motarku ce a ƙarƙashinsa. Katifa mai kyau, gidan sauro biyu, fanka ƙarama mai batir, da kuɗin shiga wurin ajiye motoci mai maigadi da banɗaki, duka ba su kai kuɗin taya ɗaya ba.

Na ce gidan sauro biyu saboda yaron mota. Shi ne ke shimfiɗa kwali ko tabarma a ƙarƙashin tirela, sauro ya ci shi, raɓa ta dake shi, kuma idan mota ta gangara ko wata ta bugo ta daga baya shi ne a bakin taya. A tsaya a inda aka sauka daga kwalta gaba ɗaya, ban da lanƙwasar hanya ko gangara, a ja birkin hannu, a sa weji a tokare tayoyi, a kafa alamar nan mai kusurwa uku gaba da baya. In akwai wuri a cikin kai, a bar yaro ya kwana ciki. In babu, ya kwanta a gefen da ba na titi ba, nesa da tayoyi. Da asuba kuma, kafin ka murza makulli, ka sauko ka zagaya motar da ƙafarka, ka ga yaronka a tsaye da idonka.