Mece ce ma'anar "niyuromofik"?

Tun da zancen ƙirƙirarriyar basira ya mamaye kafofin yaɗa labarai, kalmar "niyuromofik" ta shiga bakin masu sharhi, har ana liƙa ta ga kowace manhajar da aka ce tana tunani irin na ƙwaƙwalwa. Wannan ba daidai ba ne, domin manhajoji irin su ChatGPT lissafin lambobi suke yi a kan kwamfutocin dijital, sunan jijiya kawai suka ara da ake kiran tsarinsu "neural network", wato ragar jijiyoyi.

Carver Mead na jami'ar Caltech da ke Amurka ne ya fito da kalmar a ƙarshen shekarun 1980, kuma abin da yake nufi shi ne da'irar lantarki ta analog, wato mai aiki da hawa da saukar ƙarfin lantarki maimakon lambobi, wadda ita da kanta take aikata abin da ƙwayar jijiya ke aikatawa. Asalin tunanin yana komawa ga 1952, lokacin da Alan Hodgkin da Andrew Huxley na Ingila suka bayyana yadda saƙo ke gudana a jijiyar wata dabbar teku mai suna sikwid, aikin da ya kai su ga lambar Nobel a 1963. Sun nuna cewa fatar ƙwayar tana tara caji kamar kafasita, wato ɗan kayan lantarki mai ajiye caji, ƙananan ƙofofin da ke jikin fatar waɗanda sinadaran sodiyam da fotasiyam ke bi kuma suna buɗewa da rufewa gwargwadon ƙarfin lantarkin. Ƙwayar da ke hutawa tana zaune a wajen milibolt 70 ƙasa da sifili. Idan cajin ya taru ya haye wani mizani, sai ta harba saƙo cikin kusan kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, sannan ta koma yadda take. Abin da Mead ya lura da shi, kuma nan ne daɗin al'amarin yake, shi ne tiransista, wato ɗan makunnin lantarki da ake yi da silikon, idan aka ba ta lantarki ƙalilan tana bin ƙa'ida mai kama da ta waɗannan ƙofofi, don haka ba sai an lissafa halin jijiyar ba, silikon ɗin ne zai nuna shi. A 1991 Misha Mahowald da Rodney Douglas suka gina ƙwayar jijiya ta silikon a kan wannan tafarki.

A yau ƙwaƙwalen kwamfuta (chip) irin su TrueNorth na kamfanin IBM da Loihi na kamfanin Intel suna amsa wannan suna, alhali kuwa dijital ne. Ana iya yi musu uzuri, tunda analog yana da wahalar sha'ani: tiransistoci biyu da aka ƙera tare ba sa taɓa zama daidai da juna, zafi kuma yana sauya halinsu. Amma a ganina, tsarin kwamfuta na BrainScaleS na jami'ar Heidelberg a Jamus, inda cajin gaske ke taruwa a kafasita ta gaske, shi ya fi cancantar sunan.